Kifin Auke da Sabuwar Kwamfuta

Ni da Wiebe Hoekstra muke kula da Bezem, wata 'yar manhaja da ake ba ta umarni a rubuce, ta leƙa cikin kwamfuta ta zaƙulo duk abin da aka ajiye sau biyu. Muna zamanmu lafiya har sababbin kwamfutocin cinya masu ƙwaƙwalwar ARM suka cika gari. A kansu Bezem ba ta jin yare sai an sa mata tafinta, ga nawa ga cin batir. Jama'a suka taso mu gaba da ƙorafi, su dai a gina musu wadda za ta yi magana da injinsu kai tsaye.

Na ce wa Wiebe mu ari inji ta intanet mu gama. Ya ce shi ba ya sakin abin da bai ga ya yi aiki da idonsa ba, kuma ba zai sayi sabuwar kwamfuta ba tunda tsohuwarsa tana numfashi.

Ran Asabar ya ja ni wani kantin kayan lantarki a garin Leeuwarden. Ya nufi kwamfutar ARM da aka baje don 'yan kallo, ya soka mata filashinsa ya fara gina sabuwar Bezem a kanta, rubutu ya fara zuba a baƙin allo. Mai kantin ya matso.

"Malam, gwadawa kake?"

"Sosai ma," in ji Wiebe.

Aiki ya kai rabi sai ga wata dattijuwa da rigar ruwa, Tjitske sunanta. Ta ɗora yatsa a kan kwamfutar ta ce ita take so, yau bikin ranar haihuwar yayanta Auke. Mai kantin ya duba ciki ya dawo ya ce ita kaɗai ta rage. Ya kai hannu zai rufe, Wiebe ya rungume ta.

"Mama, don Allah! In aka rufe, komai ya rushe."

"To ɗan nan, ni ba zan makara ba. In ba ka iya rabuwa da ita, sai ka biyo ta."

Haka na tsinci kaina ina tuƙa kekena mai akwati a gaba, wanda nake kai yarana makaranta da shi, Wiebe na zaune a ciki gwiwoyinsa har haɓa, kwamfuta buɗe a cinya, lema a hannu ɗaya. Tjitske na gaba a nata keken tana tsaga iska, tana waiwayowa tana cewa, "Ke yarinya, ba ki karya ba ne?"

A ƙofar gidan ta ce ita ba ta taɓa miƙa kyauta tsirara ba. Ta fito da takarda mai furanni ta naɗe kwamfutar a buɗe, har da hannayen Wiebe, ta ɗaure da ƙyalle.

Dangi suna zaune a da'ira kamar kowane biki, kofi a hannu. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna taya su murna, Wiebe da kai kawai yake gaisuwa. Auke, wani dogon tsoho mai jan hanci, ya kwance takardar, ya dubi kwamfutar, ya dubi Wiebe.

"Tjitske, da mutumin ake sayar da su yanzu? Me yake ci?"

Aka ba shi kujera da yankan kek. Kafin a zagayo da kofi na biyu hira ta mutu, kowa ya juyo da kujerarsa yana kallon rubutu na gudu. In layi mai ruwan ɗorawa ya bayyana, wata goggo ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, ya mutu?" Wiebe ya ce gargaɗi ne kawai. Da rubutun ya tsaya cak ba kuskure, aka yi tafi, har wani ya tashi ya sumbaci Wiebe a kumatu.

Saura gwaji. Wiebe ya tambaya ko akwai mai hotuna da yawa. Nan take Auke ya zaro katin kyamararsa, ya ce ga tarihin kifayen da yake kamawa duk bazara, dama dangi sun san su. Wiebe ya rubuta umarni. Kafin ya ɗauke yatsa Bezem ta gama, da saurin da ban taɓa gani ba. Na ji daɗi har cikin raina. Sai Wiebe ya karanta sakamakon da ƙarfi: hotunan kifin duka hoto ɗaya ne, suna kawai aka sauya masa.

Surukin Auke, Douwe, ya ajiye cokali a hankali.

"Auke, na bara da ka ce ya fi na bara waccan tsawo fa?"

"Kifi ɗaya ne," in ji Auke, ko gezau. "Ina kama shi in sake shi. Mun saba da juna."

"Da hula ɗaya?"

"Hulata ce."

"Gajimaren da ke bayanka fa, shi ma kun saba?"

Tjitske ta yi dariya har sai da aka buga mata baya. Auke ya miƙe ya nuna Wiebe ya ce a mayar da shi kanti, kwamfutar ta zauna.

Mun saki sabuwar Bezem a ranar, daga teburin cin abincin Auke. Masu sababbin injina suka yi ta aiko da godiya. Amma tunda babu wani injin ARM a hannunmu, duk gyaran da za mu fitar sai Wiebe ya je gidan Auke, kuma tsohon ya gindaya sharaɗi: sai an raka shi bakin ruwa, a ɗauke shi sabon hoto da kifin, wanda zai toshe bakin Douwe.

Suna nan suna zuwa. Zuwa yanzu sun kama kujerar roba, da wata agwagwa da ta ƙi tsayawa a ɗauke ta hoto. Wiebe ya sayi takalman shiga ruwa, kuma kwanan baya na ji shi yana gaya wa wata abokiyar aikina cewa ya ga kifin da idonsa, ya kai tsawon ƙofa.