Tsohuwar da Ba Ta da Gunduma

Sunana Harisu. Shekara tara ke nan ina sakataren majalisar ikilisiyarmu ta gundumar Dakoro. Ba don na fi kowa tsoron Allah aka zaɓe ni ba, rubutuna ne ke karantuwa.

Tsarinmu gwanin kyau ne, musamman a takarda. Can sama akwai biron yanki, wato babban ofishinmu, a Maradi. Ƙarƙashinsa gundumomi, ƙarƙashin gunduma ikilisiyoyi, can ƙasa kuma abin da ake kira wurin addu'a, wato mutanen da suka ba da gaskiya amma ba su kai a kafa musu allo ba. Mu a Dakoro mutum talatin da ɗaya ne, komite takwas gare mu. Ni kaina ina cikin biyar. An yi ranar da na rubuta wa kaina wasiƙa, na ba kaina amsa cewa za a duba.

Ƙarshen bazarar bara, ranar kasuwa, Rhissa ya yi sallama gidan Fasto Na'Allah ina zaune. Rhissa makiyayi ne na wajen Tagriss, shi ke karanta wa gidaje huɗu Littafi Mai Tsarki gindin wata aduwa kowace Lahadi.

"Fasto, tsohuwata na son baftisma," in ji shi. "Shekara shida tana saurare ba ta ce komi ba, shekaranjiya ta ce a kira ka. Jikinta ya yi rauni. Kuma ruwa na sauka za mu yi arewa da dabbobi."

Fasto mutumin kirki ne, sai dai ya fi tsoron takarda bisa ga kunama. Ya ce, "Madalla, Rhissa. Bari a tara majalisa."

Ranar Asabar muka zauna. Dattijo Abarci, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ya hardace littafin dokokinmu, ya miƙe ya gyara tabarau.

"Doka ta ce fasto shina yi wa zaunannun gundumarsa baftisma. To, makiyayi zaunanne ne? Da rani namu ne, da damina suna ƙasar wata gunduma. In muka yi mata, cikin rajistar wa za ta shiga?"

Awa uku aka yi kan kalmar zaunanne. Shugabar zumuntar mata ta tuna mana cewa mace sai ta yi wata uku tana koyo wurin zumunta, ga shi gindin aduwa ba zumunta. Shugaban mawaƙa ya ce ba a baftisma ba waƙa, kuma shi bai iya Tamashek, harshen su Rhissa, ba. Daga ƙarshe aka yi abin da muka fi gwaninta a kai: aka kafa komite na tara, aka sa ni a ciki, aka rubuta wa Maradi.

Bayan kwana goma sha biyu amsa ta zo. Takarda ce ta cikewa. Ana son sunan unguwar tsohuwar da lambar ƙofarta.

Ina tsakar gidan Fasto muna kallon takardar, matarsa Mariama tana tankaɗe. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Baban Kadija, shi Yahaya Mai Baftisma wace gunduma ce ta ba shi kogin Urdun?"

"Ke ba ki san tsari ba."

"Gaskiya ne. Amma na san hadari, ga shi can gabas. Na sa an cika maka moto da isansi."

Fasto ya daɗe yana duban gabas. Sannan ya ce in hau bayansa kan babur ɗin in zama shaida. Na gane nufinsa, in abu ya ɓaci mu zama mu biyu.

Sau uku rairayi ya kayar da mu. Da muka isa an riga an kwance bukkoki biyu, ana ɗaura wa jakuna kaya. Tsohuwar tana kishingiɗe bisa tabarma, ƙanƙanuwa kamar yarinya. Ta yi magana, Rhissa ya fassara.

"Ta ce mi ya tsai da ku?"

"Inna, hanya ce da nisa," in ji Fasto.

"Ta ce raƙumi mai ɗingishi ma kwana biyu yake yi."

Sai matsalar ruwa. Mu nutsarwa muke yi, wurin kuwa ko tabki babu. Elhaji Idrisa, Musulmi mai rijiyar wurin, yana tsaye yana jin mu. Ya sa aka wanke babban kwamin da shanunsa ke sha, raƙuminsa ya ja guga har ya cika.

"Addinin naku ba ruwana," ya ce, "amma ruwan nawa ne, tsohuwa kuma maƙwabciyata ce shekara talatin."

Rhissa ya sungumi uwarsa ya sa ta a ciki. Fasto ya durƙusa cikin taɓo, ya yi addu'a ya nutsar da ita. Da ta ɗago ta share fuska, ta kama hannunsa ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba. Ba a yi waƙa ba. Ni da aka kawo don in rubuta, ban rubuta komi ba.

Wata guda bayan haka wasiƙu biyu suka zo daga Maradi cikin ambulan ɗaya. Ta fari daga sashen horo, gargaɗi ga Fasto don ya tsallake tsari. Ta biyu daga sashen bishara, yabo don ya kai Kalma inda mota ba ta zuwa, ana kuma roƙon hoto. Duka biyun Malam Yazidu ya sa musu hannu, don shi ke riƙe da sassan biyu. Fasto ya karanta wa jama'a ta yabon ranar Lahadi, ta gargaɗin ya ce in adana.

Tsohuwar ta rasu can arewa tsakiyar damina. Rhissa ya yi mata addu'a ya binne ta da kansa, bai nemi izinin kowa ba. Har yau sunanta, wanda na shigar bayan mun dawo, na cikin rajistarmu a jerin masu rai, domin ba a cire suna sai da takardar faston gundumar da mutum ya mutu a ciki. Komite na nan yana binciken wace gunduma ce.