Arba'in da Takwas

Shekara talatin da shida na yi ina tuƙa babbar mota. Karatuna aji uku ne. Ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Ranar Talata jikata ta dawo daga makaranta, ta ajiye mini takardar jarrabawarta a kan gwiwa.

"Tsoho, ka ja mini."

"Me na ja miki?"

"Lissafinka. Malam ya soke shi da jan biro."

Makon da ya wuce tana bita a tsakar gida, na ji ta karanta wata tambaya. Mota ta yi tafiyar kilomita ɗari da ashirin da gudun arba'in a awa, ta dawo da gudun sittin. Nawa ne matsakaicin gudunta? Ta ce hamsin. Na ce arba'in da takwas. Muka yi musu, na nuna mata da tsinke a ƙasa, ta yarda. Sai ga tambayar a jarrabawa. Ta rubuta tawa amsar, Malam ya cire mata maki biyu. Da tamanin ake shiga ajin kimiyya. Ta tsaya a saba'in da tara, kuma ran Alhamis za a kafe sunaye.

Uwarta, 'yata ke nan, ta ce, "Baba, a bar wa malamai aikinsu."

Da safe na sa rigata mai kyau, na ce wa yarinyar ta wuce gaba mu je makarantarsu.

Ofishin malamai ɗaki ne dogo, fanka na kuka a sama, takardu jibge a kan tebur an danne su da dutse. Malamin matashi ne. Ya tashi ya ba ni kujerarsa. Wannan na lura da shi.

"Baba, ai abin a fili yake," ya ce. "Arba'in da sittin, ɗari. A raba biyu, hamsin."

"Ka taɓa jan mota da siminti fal a bayanka?"

"A'a."

"Da kaya arba'in kake yi. Zuwa awa nawa ke nan?"

Ya ɗan yi tunani. "Uku."

"Ka sauke, ka dawo wayam da sittin."

"Biyu."

"Awa biyar kana kan kujera. Taya ta ci kilomita nawa?"

"Ɗari biyu da arba'in."

"Raba."

Ya ɗauki biro ya raba a bayan wata ambulan. Ya sake rabawa. Wata malama da ke shan shayi a gefe ta ajiye kofinta.

"Allurar gudu ta gaban direba rawa take yi duk yini," na ce. "Hanya da agogo ne ba sa ƙarya. Ka fi daɗewa a tafiyar hawainiya, dole ta rinjaye ka."

Ya buɗe littafinsu, ya sa yatsa a wani layi. "Dukan nisa a raba da dukan lokaci. Ni da kaina na koya musu wannan. Wajen fitar da amsa ne na yi gaggawa."

"Sauri ya haifi nawa," na ce.

Bai yi gardama ba. Ya soke saba'in da tara, ya rubuta tamanin da ɗaya, ya sa hannu. Sannan ya jawo sauran takardun ajin gabansa, ya ce sai ya sake duba su duka kafin Alhamis.

"Baba, a ina ka yi karatu?"

"A kan kwalta."

Na miƙa masa hannu. Ba kowa nake miƙa wa ba.

A hanyar komawa yarinyar ta yi gaba da takardar a ƙirjinta, ta waiwayo.

"Tsoho, ɗaga ƙafa mana. Kana rage mana matsakaici."

"Je ki. Gida ɗaya za mu."

Ban ƙara sauri ba. Ta tsaya a bakin kwana ta jira ni.