Wayar Mamman a Akwatin Iklima

Ni dai ba na son gulma, amma wagga sai na faɗa.

Iklima, surukar taubashina Mamman, tana karatun kwamfuta a jami'ar nan ta Aliero. Aikinta na ƙarshe, wanda sai da shi za ta fita, gwajin wasu 'yan akwatuna ne guda uku masu bakuna, hob take ce musu. A soka ɗaya jikin kwamfuta, a soka masa filashi da tarkace, a tura kaya, a ga wanda zai jure da wanda zai yi zafi ya saki. Kamar dai gwada jakai da buhun albasa.

Ran Talata na leƙa gidan roƙon gishiri, alhali ina da nawa. Na iske ta a rumfar tsakar gida, inda wutar sola take, idanu jajur.

"Inna Tabawa, jibi zan tsaya gaban malamai, gwajin ya ƙi. Da safe lafiya lau, da la'asar sai akwatin ya sume."

"Aljanu?"

Ta sunkuyar da kai, ta nuna da haɓa. Ga wayar Mamman, ƙatuwa kamar bulo, soke a bakin akwatin, ga tocilarsa tana tayawa. Ashe in ya dawo gona, ramin da ya gani nan yake sa caji, su shanye wutar. Yarinyar da ko sunansa ba ta kamawa, ina za ta zare masa waya? Mijin nata kuma, ɗan Mamman ɗin, yana Maiyama.

To ni babu kunya tsakanina da shi. Na same shi a zaure.

"Kai bawana, ka kwanta kan karatun ɗiyar mutane kamar kaza kan ƙwai!"

"Mi kuma na yi, tsohuwar banza?"

Na zayyana masa. Dariyar ta ɗauke.

"Subhanallahi! Don mi ba ta faɗa ba?"

"Da wane baki?"

Ya je da kansa ya zare, bai dube ta ba. Ni ya duba.

"Tambaye ta mi take buƙata."

Tana bayana fa! Ta raɗa mini: a bar ta ta yi gwaji babu mai taɓawa, sannan a ɗora wa kowane akwati kaya masu nauyi iri ɗaya.

Laraba Mamman bai je gona ba. Ya kafa kujera bakin rumfa yana korar jikoki da kaji. Bayan la'asar ya dawo daga masallaci da wayoyin abokansa cike da hula, har da ta ladan. Aka soka su jikin akwatunan. Wani akwati mai walƙiya shi ya fara saki, na biyu ya yi zafi kamar tanda. Na ukun, wani baƙi mai igiyar wutarsa daban, ko gezau.

Alhamis Iklima ta dawo tana rufe baki da gyale: an karɓi aiki.

Yanzu Mamman yana kasuwar Jega yana cewa tare suka yi binciken. Na bar shi. Ai da wayarsa a ciki.