Duwatsun Baban Yara

Kifi ɗaya ya rage a tankin gilashin da Baban yara ya rasu ya bar mini. Shuɗi ne, bai fi tsawon ɗan yatsana ba, amma girman kai kamar shi ke biyan kuɗin haya. Baban yara ya sa masa suna Maigadi, don ko hannu ka tsoma a ruwan sai ya taso ya cije ka.

Tankin ƙarami ne, yana kan teburin falo kusa da taga. Ruwan gishiri ne a ciki, sai an dama a bokiti an auna kafin a zuba. Da Baban yara na da rai ko kallon bokitin ba na yi, sai ga shi na koya ba shiri. Kifi uku ya bari. Biyu sun bi shi tun a watannin farko, lokacin da ni kaina ban san na ci abinci ko ban ci ba. Maigadi ne ya ƙi mutuwa.

Duwatsun cikin tankin, masu ramuka-ramuka, shi ya jera su da hannunsa. Yini guda ya yi, hannun riga a naɗe, yana ɗora wannan yana sauke wancan, ina yi masa tsiya cewa kifin ba za su ba shi ladan gini ba. A ƙarshe ya yi wata 'yar ƙofa a tsakiya, dutse biyu a tsaye, ɗaya a kansu. Tufafinsa na rabar, ƙannensa sun kwashe takalma, kujerarsa ma ta karye an fitar. Duwatsun nan kaɗai suka rage a gidan yadda hannunsa ya ajiye su.

Auta, 'yata ta ƙarshe, aiki ya kai ta nesa, sai dai waya. In na rufe keken ɗinki da yamma sai in ja kujera gaban gilashin. Ba abin da ake ji sai ƙarar injin tace ruwa. Maigadi ya shiga ƙofar, ya fito, ya zagaya, ya sake shiga. Kaɗaici ya ishe ni, kuma na ga kamar shi ma ya ishe shi. Ko ni ce na ɗora masa nawa, oho.

Ranar nan na shirya na tafi shagon da Baban yara ke sayen gishiri. Mai shagon mutum ne mai tumbi da surutu, ya gane ni tun daga bakin ƙofa.

"Mama, wa ya rage a tankin?"

"Shuɗin nan. Aboki nake nema masa."

Ya dafe kai. "Wannan fitinannen? To, Allah ya ba mu sa'a."

Na nuna wani rawaya mai faɗi kamar faranti. Ya ce wannan fili yake so, tankina kurkuku zai zame masa. Na nuna wani mai dogayen fikafikai, ya ce kafin in isa gida in cire mayafi ya haɗiye mini Maigadi. Na ce to a ba ni shuɗi ɗan'uwansa.

"Haba Mama! Ai ba wanda ya tsana kamar mai kama da shi."

Raina ya fara ɓaci. Na ce in ba ya son ciniki ya faɗa mini. Ya yi dariya, ya kai ni gaban wani ɗan kifi mai launin ruwan lemo da farar ɗamara uku, yana tafiya yana rangaji.

"Wannan ba ya neman rigima, zai zauna a ƙaramin tanki lafiya. Amma da sharaɗi. Kafin ki sake shi, ki wargaza duwatsun duka, ki sake jera su. Naki ya daɗe shi kaɗai, kowane rami ya ɗauka gadon ubansa ne. In kika canza wurin, shi ma zai zama baƙo, sai ya shagala da neman makwanci ya manta da faɗa."

Na ce to, na karɓi kifin a leda. A zuciyata kuwa na ce ka ji mutum, shi ya jera mini su?

A gida na bi sauran abin da ya faɗa tsaf. Na ɗora ledar a kan ruwan ta ɗan jima, na riƙa zuba mata ruwan tankin kaɗan-kaɗan, sannan na saki baƙon. Duwatsun ban taɓa su ba.

Maigadi ya fito daga ƙofar kamar an harbo shi. Ya sa ɗan ruwan lemon nan a gaba, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na buga gilashi, na yi masa tsawa, ko a jikinsa. Washegari da safe na tarar da baƙon ya maƙale a can sama bayan bututun injin, wutsiya a yage, yana haki. Na zuba abinci, bai ko motsa ba.

Auta ta bugo, na ba ta labari.

"Umma, to ki canza duwatsun mana."

"Babanki ne ya jera su."

Ta ce, a hankali, "Na sani, Umma. Amma zai mutu fa."

Da na ajiye wayar na daɗe a tsaye. Ni na je har shago na ɗauko bawan Allahn nan daga inda yake zaune lafiya. Na naɗe hannun riga na tsoma hannu. Maigadi ya cije ni, na ce ciji, ka fi ni gaskiya. Dutsen saman ƙofar ya manne da 'yan'uwansa saboda daɗewa, sai da na sa ƙarfi ya ɓalle. Ruwan ya gurɓace. Na tura wannan can, na jawo wancan nan, ina kuka, ba hannun share hawaye.

Zuwa yamma ruwan ya kwanta. Maigadi na ta leƙa ramuka ɗaya bayan ɗaya, ya rasa wanne ne nasa. Baƙon ya sauko daga bayan bututu da yagaggiyar wutsiyarsa, ya wuce ta gefensa, ba wanda ya kula wani. Na barbaɗa abinci, su biyun suka taso suka ci.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ja kujera na zauna ina kallonsu, hannun rigata bai gama bushewa ba. Sai na shiga bin duwatsun da ido, ina neman wanda Baban yara ya ɗora a saman ƙofar. Na duba na sake dubawa, na kasa gane shi.