Fensirin Papa Bentsil

Shekara ashirin da biyu Fiifi Ampiah ya yi yana riƙe da takardun ƙungiyar makaɗanmu a Ankara, kuma abu ɗaya ya tsana a duniya, fensir. Makaɗa ba su da ta ido. Ka ba mutum takardar kiɗa fes, ya dawo maka da ita ya zane inda zai ja numfashi, ya rubuta lambar wayar budurwa, wani ma ya zana sanƙon madugu mai jagorantar kiɗan. Aikin mai takardu ne ya bi ya share kafin a sake rabawa, shi kuwa Fiifi ya ɗauki abin kamar ibada. Kilina uku ke aljihunsa kullum. Masu busa na ce masa Sarkin Tsafta, yana jin daɗin sunan ko da yake yana ɓata rai.

Da aka samu damar ɗaukar kiɗan marigayi Papa Bentsil a faifai, Fiifi aka tura nema. Kiɗa ne dogo da tsohon ya rubuta wa masuntan garinsu, sau ɗaya tak aka taɓa kaɗa shi, tun kafin a haifi yawancinmu. Babban kundin da madugu ke dubawa, wanda ya tara rabon kowane makaɗi wuri ɗaya, gara ta cinye shi tuni. Abin da ake fata shi ne takardun makaɗan ɗaiɗai, a harhaɗa a tada sabon kundi. Wata bakwai Fiifi na yawo, coci-coci, makaranta-makaranta, har ya dace da su a Cape Coast, cikin adakar 'yar marigayin, Anti Araba.

Tsohuwa ce mai shekara saba'in da ɗoriya, bakinta bai tsufa ba. Ta ce ba za ta buɗe adaka ba sai ya ci dokunu da soyayyen kifi.

"Dubi wuyanka kamar mariƙin lema," in ji ta. "Matarka ba ta dafa abinci ne, ko takarda kake ci?"

Ya cinye har da barkonon. Ta ƙirga masa takardu arba'in da ɗaya a hannu, ta ce amana ce, ban da shi babu wanda ta taɓa bari ya fita da su.

A ofis ya buɗe, ransa ya ɓaci. Rubutun tawada mai kyau, hannun marigayin, amma fensir ya hau kansa ko'ina. An soke layuka, an cusa wasu a gefe, wani shafin har baya. Fiifi ya yi tsaki, ya zagi makaɗan da can da ba su san darajar takarda ba. Kwana tara ya yi yana sharewa, a hankali, yana hure ɓurɓushin don kada ya ji wa takardar ciwo. Da ya gama ya ɗauki hotonsu, aka haɗa kundi, aka raba wa kowa nasa.

Ana gobe ɗauka aka yi gwajin ƙarshe da safe. Anti Araba ta zo da zanenta na zuwa coci, aka ba ta kujerar gaba. Madugu Lamptey ya ɗaga sanda aka fara. Kashi na farko tana murmushi. A na biyu murmushin ya tafi. Ana tsakiyar na uku ta miƙe ta ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota.

"Ɗana, yi haƙuri. Wannan tsohon ne."

"Wane tsoho, Anti?" in ji Lamptey.

"Wanda Papa ya ce bai yi ba. Ina gyaran?"

Ta yi bayani, ba ta ma san abin da take tonowa ba. Bayan kaɗawar nan ɗaya Papa bai gamsu ba. Kundi kuma gara ta riga ta gama da shi, don haka a kan takardun makaɗan ya yi gyaransa. Shekara shida yana shimfiɗa su a baranda, yana bi ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa molon coci kaɗan ya koma ya rubuta. Ita ce mai fiƙe masa fensir. Ya gama da wata biyu ya rasu, gyararren kiɗan kuwa ba a taɓa kaɗa shi ba.

 Sai yanzu Fiifi ya ga abin da ya kwana tara a gabansa: hannu ɗaya ne a takardu arba'in da ɗaya. Yaushe mai ganga da mai sarewa suka taɓa rubutu iri ɗaya? Ɗan koyo ma zai lura da wannan, shi da shekara ashirin da biyu bai lura ba, saboda yana ganin fensir idonsa ke rufewa.

Lamptey ya sa aka kawo takardun na asali. Ya buɗe ɗaya, ya buɗe biyu, fes. Ya dubi Fiifi ta saman tabarau, ya ɗauke kai. Mutumin kirki ne, sai ya nemi rufa masa asiri.

"Anti, kin san iskar teku. Rubutun da ya daɗe yakan dushe."

Makaɗa hamsin a zaune, kowa ya san fensir ba ya dushewa, kowa kuma ya san abin da ke aljihun Fiifi. Babu wanda ya kalle shi, rashin kallon nan ya fi mari ciwo. Anti Araba ta fara gyaɗa kai za ta yarda.

"Ba iska ba ce, Anti," in ji Fiifi. Muryarsa ta fito 'yar ƙarama. "Ni na share. Na ɗauka ƙazantar makaɗa ce."

"Ka ɗauki hoto kafin nan ai," in ji Lamptey da sauri.

"Bayan na share na ɗauka."

Aka kai takardun bakin taga, ana karkata su ko za a ga sawun fensir. Papa mai sassauƙan hannu ne, Fiifi kuma gwani ne a aikinsa. Aka tsinci layi huɗu a takardar mai ƙaho, sai rabin layi a wata. Anti Araba ta rera ɗan abin da ta riƙe, bai kai minti ɗaya ba, shi ma ba ta san na wane makaɗi ne ba.

Ta koma ta zauna, ta daɗe tana gyara bakin zanenta. Da ta zagi Fiifi da ya samu sauƙi, amma ba ta yi ba. Ta ce wa Lamptey su ɗauki abin da ya rage, ya fi babu. Sannan ta yafito Fiifi. Ya zo ya durƙusa gefen kujerarta, mutum mai furfura, a gaban yaran da yake yi wa faɗa kan fensir.

"Ni ban iya karatun kiɗa ba," in ji ta a hankali. "Guntu-guntu na ji shi daga kicin. Bayan Papa kai kaɗai ka bi shi daga farko har ƙarshe. Gaya min gaskiya, ɗana, ya yi daɗi?"

Fiifi ya nemi ko layi ɗaya a kansa. Ya tuna wane shafi ne ya ba shi wuya, wane ne ya kusa yagewa, ya tuna har kilinar da ta ƙare a rana ta shida.

"Ban karanta ba, Anti."

Ta dube shi, ta ce to. Lamptey ya buga sanda a kan teburinsa, ya ce a koma farkon kashi na uku.