Fuskar da Ruwa Ya Cinye

A gidanmu Sati-Uku ake kirana, kuma ba zan ce an yi min ƙazafi ba. Na yi aikin karɓar baƙi a wani asibitin haƙori, na koyar a firamare, na sayar da waya a shago. Ko'ina na je, kafin wata ya zagayo sai in ji kamar an ɗaure ni a kujera. Mama ta ce raina ne ba ya son wahala. Ban musa mata ba, amma ni na san zaman banza da sunan aiki ne yake kashe ni.

Shagon Baba Mai Hoto yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, taga ɗaya gare shi, tebur yana jikinta. Tsofaffin hotuna yake gyarawa da hannu, waɗanda suka yage ko suka koɗe. Na shiga ne da hoton kakarmu. Hannunsa na rawa, sai ya miƙo min siririn buroshi ya ce in taya shi cike wani layi. Da na ɗago kai, awa huɗu ta wuce ban sani ba. Washegari na koma ba tare da ya kira ni ba, shi ma bai tambaye ni me ya kawo ni ba.

Doka ɗaya ya kafa min. "'Yata, riga ki gyara, bango ki gyara, har hannu ki gyara. Amma in fuska ta tafi, ta tafi. A kawo wani hoton mu duba, in babu, a bar wurin yadda yake."

Ina wata na biyu a wurin Yaya ya zo gida da takarda. Ya samo min aiki a kamfanin inshora, ranar Litinin zan fara. "Na zubar da girmana kafin a ba ki," in ji shi. "In kika watsa min ƙasa a ido, kada ki sake kawo min maganarki." Yaya ne ya riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu, kuma ba ya faɗin abu sau biyu. Na ce to.

Ranar Alhamis da rana Baba ya tafi ganin likitan ido. Wata dattijuwa ta shigo da hoto a nannaɗe cikin hankici. Yara uku ne a tsaye, ruwa ya cinye fuskar na tsakiya, ba abin da ya rage sai kunne ɗaya da haɓa.

"Ɗana ne," ta ce. "Ba ni da wani hotonsa. Na fara manta kamanninsa, 'yar nan, shi ne ya hana ni sakat."

Da na bi doka, da na ba ta haƙuri. Sai na ce ta dawo jibi.

Niyyata in goge dattin gefe kawai. Ina zama na ji an tsaya a bayana, dab da kafaɗata ta hagu, irin tsayuwar mai leƙen abin da kake rubutawa. Na waiga, bango ne da tsohuwar kalanda. Na koma kan aikina. Hannuna bai yi shawara da ni ba: ya fitar da goshi, ya fitar da idanu ƙanana, ya sa hanci. Daga ƙarshe ya ja wani ɗan tabo da ya raba girar hagu biyu. Gaskiya tsoro ya kama ni, amma daɗin da na ji ya fi tsoron, kuma wannan ne ya fi tayar min da hankali.

Ranar Asabar dattijuwar ta dawo, Baba yana zaune. Ta karɓi hoton ta daɗe tana kallo, sannan ta laluba benci ta zauna.

"Shi ne," ta ce a hankali. Ta ɗora yatsa a kan girar. "Amma wannan tabon, ranar da aka ɗauki hoton ba shi da shi. Ranar da ya faɗa rijiya ya same shi. Ni na rufe masa fuska da aka fito da shi, ko babansa bai gani ba. Wa ya gaya miki?"

Ta nannaɗe hoton, ta yi min addu'a mai tsawo, ta fita ba ta ƙara haɗa ido da ni ba.

Na jira faɗa. Baba ya jawo durowar ƙasa, wadda ban taɓa ganin ya buɗe ba. Cike take da hotuna, duk an gyara su tsaf.

"Aikina ne, lokacin ina da ido," ya ce. "Masu su sun zo, sun gani, sun fita da gudu. Wasu suna karɓa kamar wannan baiwar Allah, wasu ba sa iyawa. Mai gyaran da ba shi da irin hannunmu, ko ya zana fuska, ɓata takarda kawai zai yi. Saboda irinmu na sa dokar." Ya tura durowar. "Kin ji an tsaya miki a baya?"

Na gyaɗa kai.

"To masu fuskokin ne, kuma ba sa dainawa. Ki tafi ofishin da yayanki ya samo miki, 'yata. Can ba mai tsaya miki a baya sai manaja."

Ranar Litinin na yi shiri, Mama ta raka ni har ƙofa tana sa albarka. Na shiga mota, na sauka a gaban kamfanin. Ta gilashi na hango tebura a jere, kowa da kwamfutarsa, iska mai sanyi tana fitowa duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Wuri ne mai kyau, ba ni da abin kushewa. Na tsaya minti goma, sannan na tsallaka titi na hau motar da ke komawa.

Baba ya tashi ya bar min kujerar taga. A kan tebur akwai sabon hoto da aka kawo da safe, wani mutum rungume da jariri, gara ta ci rabin fuskar mutumin. Wayata ta fara ƙara. Yaya ne. Na ɗauka na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, na samu aikina." Sai ya kashe wayar. Na yi kuka kaɗan, don na san shi, ba zai sake kira ba.

Na share ido na ɗauki buroshi. Hasken taga ya ragu a kan takardar, kamar an sunkuyo ta kafaɗata. Ban waiga ba.

"Ɗan matsa," na ce, "kana tare min haske."

Aka matsa.