Addu'ar Gazala

Shekara ashirin da shida ina koyar da 'yan mata a makarantarmu ta Yahudawan tsibirin Jarba, ban taɓa jin maganar da ta tsaya mini a rai kamar ta Gazala ba. Yarinya ce 'yar shekara tara, mai in'ina. Ranar da layi ya zo kanta ta ja addu'ar safe, kalmar farko ta maƙale mata, 'yan aji suka fashe da dariya. Tun daga nan ta rufe littafin addu'arta. Da na tsare ta, da ƙyar ta ce, "Malama, Allah ba shi da lokacin jiran in gama."

Raina ya ɓaci, har da kaina na ji haushi, don ni na tsayar da ita gaban aji.

Washegari na ture darasin ranar, na ce su buɗe littafinmu mai tsarki, labarin wata mata da ba ta haihu ba, wadda ta je ɗakin ibada ta yi ta kuka tana roƙon Allah. Suka karanta da Ibrananci, muka mayar da Larabcinmu na gida. Leɓenta ne kawai ke motsi, ba a jin muryarta, har dattijon da ke kula da wurin ya ɗauka ta yi tatul da giya.

Tita, uwar surutu, ta ɗaga hannu. "Malama, wato babban malami guda ya yi kuskure?"

"Ya yi. Ke kin taɓa ganin wanda ba ya yi?"

"To wa ya ji ta, tunda ba ta yi magana ba?"

"Wanda ta je wurinsa mana! Ba ga shi ta haifi ɗa ba?"

Na kora su tsakar gida, na ce kowa ta sami gefen bango ta yi addu'a, ba littafi, ba murya.

"Mu ce me?" in ji Tita.

"Abin da za ki faɗa wa kakarki in ba kowa a ɗaki. Ke dai Allah ya sa ki iya rufe bakin nan na minti biyu."

Ba ta iya ba. Sauran ma kafin ƙiftawar ido sun gama, ƙamshin suyar ƙwai daga bakin ƙofa ya ɗauke musu hankali. Na sallame su hutun tara. Gazala kuwa tana nan, goshi a jikin bangon farar ƙasa, leɓe na ta gudu kamar keken ɗinki. Na zauna kan dakali ina kallonta, daɗi ya cika ni, shayina ya huce ban kula ba.

Sai da aka kusa komawa aji ta juyo. Ban tambaye ta me ta roƙa ba, ba hurumina ba ne. Ita ta matso, ta kama gefen zanena, maganar tana fita guntu-guntu kamar kullum.

"Ma-Malama, ashe a ci-ciki ba na in'ina."